Taron Tsintsiya Ko Aikin Gayya? Tsokaci Kan Ƙananan Na'urori Masu Aiki Babu Shugaba

Gabatarwa

Hausawa suna da karin magana guda biyu waɗanda idan aka jera su wuri ɗaya sai a ga kamar suna musu da juna. Na farko yana cewa sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi. Na biyu kuwa, idan an ga mutane sun cika wuri amma babu abin da suka tsinana, sai a ce taron tsintsiya ba shara. Ɗaya yana yi wa yawa kirari, ɗayan yana yi masa shaguɓe. To, wanne za mu ɗauka? A ganina duka biyun gaskiya ne, kuma abin da ya raba su shi ne maɗauri. Tsinken tsintsiya dubu a warwatse ba ya share ko bakin ƙofa, amma da zarar an ɗaure shi da ɗan zare sai ya share tsakar gida.

Abin da ya sa na ɗauko wannan zance shi ne wani fanni na kimiyya da ƙere-ƙere wanda ya fi shekara 30 yana gwada waɗannan karin magana a ɗakunan bincike. Fannin ya shafi yadda za a ƙera ƙananan na'urori masu motsi, masu arha, waɗanda ba su da wani wayo na a-zo-a-gani, a sake su da yawa su yi aiki tare ba tare da wani shugaba yana ba kowace umarni ba. Mai karatu zai iya cewa, ina ruwan ɗalibin Hausa da wannan? Amsata ita ce muna da ruwa da tsaki a ciki. Da farko dai, maɗaurin da ke haɗa waɗannan na'urori wani ɗan ƙaramin harshe ne da suke amfani da shi a tsakaninsu. Na biyu, abin yana buƙatar suna a Hausa, kuma sunan da muka ba shi zai iya buɗe idon jama'a ko ya rufe shi. Ra'ayina shi ne mu kira su na'urorin gayya, kuma ga hujjojina.

Wace Irin Na'ura Ake Nufi?

Yana da kyau mu fara tantance aya da tsakuwa, domin ba duk taron na'urori ne ya shiga wannan fanni ba. A bikin buɗe gasar Olamfik ta hunturu a Koriya ta Kudu a 2018, an nuna ƙananan jirage marasa matuƙa guda 1,218 na kamfanin Intel suna zana siffofi da fitilu a sararin sama. Abin ya ƙayatar, amma kwamfuta guda ce ta tsara wa kowane jirgi inda zai tsaya da lokacin da zai motsa. Haka kuma na'urorin da ke ɗaukar kaya a rumbunan kamfanin Amazon, tun bayan da ya sayi kamfanin Kiva a 2012, babbar manhaja ce ke raba musu aiki da hanya. Waɗannan kamar sojoji ne a filin fareti, idan mai ba da umarni ya yi shiru sai kowa ya tsaya.

Na'urorin da nake magana a kansu sun bambanta ta fuska uku. Kowace ɗaya ba ta da ƙarfi ko ilimin da za ta gama aikin ita kaɗai. Kowace ɗaya ba ta jin kowa sai maƙwabtanta na kusa. Sa'annan babu wata cibiya da ke ganin taron gaba ɗaya tana juya shi. Masana biyu, Gerardo Beni da Jing Wang, su ne suka fito da sunan wannan tunani a Turance a 1989, wato basirar da ke fitowa daga taro. Amfaninsa a bayyane yake: idan na'ura goma suka lalace a cikin dubu, aiki bai tsaya ba, kuma idan an ƙara wasu dubu ba sai an sake tsari ba.

Malaman Farko: Gara Da Tururuwa Da Tsuntsaye

Injiniyoyi ba su ƙirƙiri wannan dabara daga kawunansu ba, a wurin ƙwari suka yi karatu. Duk wanda ya taɓa ganin suri a daji ya san cewa gini ne mai ɗakuna da hanyoyi da kafofin iska. Wa ya zana shi? Sarauniyar gara ba ta ba da umarni, aikinta saka ƙwai ne kawai. A 1959 wani masani ɗan Faransa, Pierre-Paul Grassé, ya bayyana sirrin. Gara takan ajiye ɗan curin laka wanda ke ɗauke da alamarta. Wata idan ta zo wucewa ta tarar da shi, sai ta ajiye nata a kai. Inda laka ta fi taruwa nan ya fi jawo masu ajiyewa, har ginshiƙi ya tashi. Wato aikin da aka riga aka yi shi ke gaya wa mai zuwa abin da zai yi. Ba su yi taro ba, ba su yi shawara ba, ginin da kansa ya zama wasiƙa a tsakaninsu.

Tururuwa ma haka take. A 1989 wasu masana a jami'ar birnin Brussels ta ƙasar Beljiyam, cikinsu har da Jean-Louis Deneubourg, sun haɗa gidan tururuwa da wurin abinci ta hanyoyi biyu, ɗaya gajera ɗaya doguwa. Da farko tururuwa ta rabu biyu. Amma da yake kowace tana barin wani sinadari mai ƙamshi a inda ta taka, kuma masu bin gajerar hanya sun fi saurin zuwa su dawo, sai ƙamshi ya fi taruwa a can. Kafin wani lokaci galibinsu sun koma gajerar hanya, alhali babu ko ɗaya da ta auna tsawon hanyoyin biyu. Daga nan ne Marco Dorigo, ɗan Italiya, ya gina digirinsa na uku a 1992, inda ya koya wa kwamfuta neman hanya mafi sauƙi ta kwaikwayon tururuwa.

Su kuwa tsuntsaye, duk manomin da jan-baki ya taɓa sauka a gonarsa ta gero ya san yadda dubbansu ke juyawa a sama kamar hayaƙi ba tare da sun yi karo ba. A 1986 Craig Reynolds, wani masanin kwamfuta a Amurka, ya nuna cewa ƙa'ida uku sun isa a kwaikwayi wannan tashi: kada ka matse maƙwabcinka, ka fuskanci inda maƙwabtanka suka fuskanta, kuma kada ka yi nisa da su. Daga baya, a 2008, masu bincike a birnin Rum suka ɗauki hotunan garken tsuntsaye suka auna, suka gano cewa kowane tsuntsu yana lura ne da maƙwabta shida ko bakwai kacal. Ɗaya daga cikin masu binciken, Giorgio Parisi, ya sami lambar Nobel ta kimiyyar fiziks a 2021.

Yadda Na'ura 1,024 Suka Zana Tauraro

Misalin da ya fi burge ni shi ne wanda Michael Rubenstein da Alejandro Cornejo da Radhika Nagpal na Jami'ar Harvard suka bayyana a watan Agusta na 2014. Sun ƙera wata na'ura mai suna Kilobot, faɗinta bai fi santimita 3 da ɗoriya ba, kamar murfin kwalba, kuma kayan haɗa ta ba su fi na dala 14 ba. Ba ta da taya. Ƙafafu uku ne da ita kamar tsinke, tana tafiya ne da karkarwa irin ta wayar salula idan an kira. Ba ta da ido. Tana aika saƙo da wani haske da idon mutum ba ya gani, irin na rimot ɗin talabijin, kuma saƙon ba ya wuce kimanin santimita 10. Irin wannan abu guda 1,024 aka tara a kan teburi.

Ga yadda aikin ya gudana. An ba kowace na'ura hoton siffar da ake so, misali tauraro. Sai aka ɗauki guda huɗu aka ajiye su da hannu a gefen taron, su ne tushe. Tushe ya fara ƙidaya, maƙwabtansa suka ɗauki lamba ta gaba, maƙwabtan maƙwabta suka ƙara ɗaya, haka har ƙarshen taro. Da wannan lamba kowace na'ura ta san nisanta da tushe, ko da ba ta taɓa ganinsa ba. Sa'annan waɗanda ke can bakin taro suka fara tafiya ɗaya bayan ɗaya suna bin gefen ’yan uwansu, kamar makaho yana bin katanga. Kowace tana auna tazararta da waɗanda suka riga suka tsaya, ta haka take lissafa inda take. Idan ta ga ta shiga cikin siffar, sai ta ci gaba har ta kusa fita ko ta iske wadda ta riga ta, sai ta tsaya, ita ma ta zama alama ga masu zuwa.

Aikin ya ɗauki kimanin awa 12. An sami cunkoso, an sami waɗanda suka ɓace hanya, kuma tauraron bai fito sumul kamar na zanen takarda ba, amma ya fito. A shekarar dai, wata tawaga a jami'ar, wadda ta haɗa da Justin Werfel da Kirstin Petersen, ta nuna na'urori masu kwaikwayon gara waɗanda ke ɗaukar tubali suna hawa matakalar da suka gina da kansu. Ina roƙon mai karatu ya riƙe abu biyu daga labarin tauraron, domin zan dawo kansu: mutum ne ya ba da hoton, kuma mutum ne ya ajiye tushe.

Inda Zancen Ya Shafi Ɗalibin Harshe

Idan muka duba da kyau, duk abin da Kilobot ke faɗa wa maƙwabciyarta bai wuce wannan ba: ga ni, ga lambata, ga inda nake zaton nake. Ƙamus ɗinta ko shafi ɗaya bai cika ba. Amma kowa a taron ya yarda da ma'anar kowace alama, kuma wannan yarjejeniya ita ce maɗauri. A darasin kimiyyar harshe mun karanta siffofin da Charles Hockett ya jera a 1960 don bambanta harshen ɗan Adam da sadarwar dabbobi, inda ya kawo misalin rawar zuma. Karl von Frisch, wanda ya sami lambar Nobel a 1973, shi ya fassara wannan rawa: fuskar da ƙudan zuma ya nufa tana nuna inda furanni suke idan an kwatanta da rana, tsawon rawar kuma yana nuna nisa. Injiniyan da ke tsara na'urorin taro yana fama ne da tambayoyin da muka saba da su. Wace alama za ta ɗauki wace ma'ana? Yaya za a yi idan saƙo ya gurɓace a hanya? Kalma nawa ce mafi ƙaranci da za ta isa a fahimci juna?

Tambayar ƙarshen nan ba baƙuwa ba ce ga ɗan Agege. Ni da na tsotsi Yarabanci a nono, a bakin maƙwabta na tsinci Hausa tun kafin in san ana karanta ta a jami'a. Hausawa sun kafa zango a Agege ne saboda cinikin goro da hanyar jirgin ƙasa wadda ta haɗa Legas da Kano a farkon ƙarni na 20, kuma har yau shanun arewa suna sauka a mayankar Oko-Oba. Duk wanda ya tsaya a bakin kasuwa kusa da tashar jirgi da yamma zai ga ɗan dako da buhu a ka, da mai ruwa yana tura kura, da ɗan acaɓa, da mai talla, kowa yana kutsawa. Babu mai usur da ke raba musu hanya, amma sai ka ga masu zuwa sun yi layi guda, masu komawa sun yi nasu. Abin da ke riƙe da wannan tafiya bai fi kalmomi kaɗan da ɗaga hannu da kallon kafaɗar na gaba ba. "Hanya!" kaɗai ta isa Bahaushe da Bayarabe da Ibo su kauce. Akwai Sarkin Hausawa, akwai shugabannin kasuwa, amma ba su ne ke gaya wa kowa inda zai sa ƙafa ba.

Shi kansa harshe haka yake yaɗuwa. Babu kwamitin da ya zauna ya umarci Yarabawa su ari albasa da wahala da lafiya daga bakin Hausawa, kuma babu wanda ya tilasta wa Hausawa su ari ashana da agogo daga bakin Yarabawa. Wani ya faɗa, na kusa da shi ya maimaita, kalmar da aka fi takawa ta zama hanya, wadda aka daina takawa ta shafe, daidai da ƙamshin tururuwa. Saboda haka ɗalibin da ya fahimci yadda aron kalma ke tafiya ya riga ya fahimci rabin wannan kimiyya.

Lokacin Da Yawa Ke Zama Masifa

Kada daɗin zance ya ɗauke mu, domin wannan dabara tana da mummunan gefe. A 1921 wani masani Ba'amurke, William Beebe, ya ba da labarin abin da ya gani a dajin Guyana: rundunar wata irin kwarkwasa ta ɓace hanya, ta gaba ta kama bin ta baya, suka yi zobe mai kewayen kusan mita 370. Kowace tana bin ƙa'idarta daidai, wato bi wadda ke gabanki, amma haka suka yi ta zagaye har yawancinsu suka mutu. Babu wadda ta yi laifi, ƙa'idar ce ba ta da ƙofar fita.

Mu mutanen Legas mun san irin wannan a jikinmu. Ranar Lahadi 27 ga Janairu, 2002, rumbun makamai ya yi ta fashewa a barikin soja na Ikeja, maƙwabciyar Agege. Jama'a ba su san abin da ke faruwa ba, wasu sun ɗauka yaƙi ne. Kowa ya bi na gabansa da gudu, har dubban mutane suka isa magudanar ruwa ta Oke-Afa wadda ciyayi suka rufe samanta. Fiye da mutum 1,000 suka rasu a wannan rana, da yawansu a cikin ruwan nan, kuma akwai yara masu yawa a ciki. Allah ya jiƙansu. Ba na kawo wannan don in kwatanta bayin Allah da ƙwari ba. Na kawo shi ne don in nuna cewa idan sahihin labari ya yanke, babu abin da ya rage wa kowane taro sai bin na gaba, kuma na gaban shi ma bai san inda za shi ba.

Halitta tana da maganin wannan, injiniyoyi kuma suna kwaikwayonsa. Ƙamshin tururuwa yana gushewa, don haka tsohuwar hanya ba ta dawwama idan abinci ya ƙare. A kowane lokaci kuma akan sami ’yan tsiraru da ke kauce wa layi, su ne ke gano sabuwar hanya. Mafi kyawun misali shi ne na zuma. Thomas Seeley na Jami'ar Cornell ya nuna cewa idan taron zuma na neman sabon gida, ɗan leƙen asiri ba ya yi wa wani wuri rawa don kawai ya ga wani yana yi. Sai ya je ya duba da kansa tukuna, kuma taron ba ya tashi sai adadin waɗanda suka gani da idonsu ya kai wani mizani. Gani ya kori ji ke nan. Taron da ke da wannan ƙa'ida shi ne sarkin yawa, wanda ba shi da ita kuwa ’yan bin yarima a sha kiɗa ne.

Akwai kuma batun makami. A watan Oktoba na 2016 sojojin Amurka sun saki ƙananan jirage 103 masu suna Perdix daga jiragen yaƙi a jihar Kalifoniya, suka nuna suna iya daidaita tafiyarsu a tsakaninsu. A watan Disamba na 2023 Babban Zauren Majalisar Ɗinkin Duniya ya zartar da ƙudurinsa na farko a kan makamai masu sarrafa kansu, inda ƙasashe 152 suka goyi baya. Tambayar da ke damun duniya ita ce, idan taron na'urori ya kashe wanda bai ji ba bai gani ba, wa za a kama? Za a ce ai babu shugaba, taro ne ya yanke hukunci?

Ga Masu Cewa Ba Matsalarmu Ba Ce

Na san akwai masu cewa mutanen da ke fama da wutar lantarki da tsadar gari ba su da lokacin zancen na'ura mai kwaikwayon gara. Suna da hujja, kuma gaskiya ne cewa galibin wannan aiki yana ɗakin gwaji har yanzu. Sai dai yana fitowa sannu a hankali. A 2022 masu bincike a Jami'ar Zhejiang ta ƙasar Sin sun saki ƙananan jirage 10 a cikin dajin gora, suka ratsa shi tare ba tare da wata kwamfuta a waje tana jan su ba. A 2023 hukumar NASA ta harba ƙananan taurarin ɗan Adam guda huɗu don gwada yadda za su daidaita aiki a tsakaninsu.

Kuma ayyukan da ake hangen wannan fasaha za ta yi, irin namu ne. A ranar 1 ga Nuwamba, 2021, bene mai hawa 21 ya rufta a titin Gerrard da ke Ikoyi, fiye da mutum 40 suka rasu, aka kwana da kwanaki ana tono. Inda babbar motar haƙa ba ta iya shiga, ƙananan abubuwa ɗari masu rarrafe suna iya kutsawa su saurari numfashi, idan rabinsu ya maƙale sauran su ci gaba. Haka batun duba magudanan ruwa kafin damina, ko sa ido a kan gonaki lokacin fara da jan-baki. Wayar salula ma da ta shigo Nijeriya a 2001 an ɗauke ta kayan masu kuɗi. Ranar da waɗannan na'urori za su iso, da Hausa za a yi wa manomi da ɗan kasuwa bayaninsu a rediyo, kuma ɗaya daga cikinmu ne zai zauna a gaban makirufo.

Me Ya Sa Gayya?

Kalmar da kafafen watsa labarai suka fi amfani da ita ga irin waɗannan na'urori ita ce mutum-mutumi. Kalma ce mai kyau ga na'urar da ke da kai da hannu, amma murfin kwalba mai ƙafa uku bai yi kama da mutum ba ko kaɗan, kuma kalmar tana sa mai sauraro ya zaci wayon yana cikin kowace ɗaya. Ita kanta kalmar robot ta Turawa aro ce daga harshen Cek. Ta fito ne a wani wasan kwaikwayo na Karel Čapek a 1920, daga kalmar da ke nufin aikin tilas da talaka ke yi wa mai ƙasa. Ashe su ma daga gona suka ɗauko tasu.

Ana iya cewa na'urorin tururuwa, tun da Bahaushe ya riga ya ce mutane sun yi tururuwa idan sun fito da yawa. Hoton ya yi, amma yana da illa guda: tururuwa ba ta da mai ita, babu wanda za a tuhuma idan ta shiga rumbu. Gayya kuwa ta ɗauko ɓangarorin biyu. Duk wanda ya yi darasin al'ada ya san yadda take, Yarabawa ma suna da irinta da suke kira owe. Idan an shiga gona kowa ya kama kunyarsa, yana kallon na damansa da na hagunsa don kada ya wuce su ko su bar shi. Babu mai bin kowa yana nuna masa inda zai sa fartanya. Wani ya gaji ya koma inuwa, aiki bai tsaya ba. Wasu suka ƙaru da hantsi, sai su kama daga inda aka tsaya. Waɗannan su ne ainihin siffofin da injiniyoyi ke nema.

Amma gayya ba ta kiran kanta. Akwai mai gayya, wanda ya sa rana, ya nuna gona, ya nuna iyaka. Idan ’yan gayya suka zarce suka nome shukar maƙwabci, ba za a tara su ana tambayar fartanyar wa ta fara ba, ƙofar mai gayya za a je. A nan ne abubuwa biyun da na ce a riƙe suke da amfani: wanda ya ba Kilobot hoton tauraro, ya ajiye guda huɗun farko, ya rubuta ƙa'idar bin gefe, shi ne mai gayya. Na'urorin ba su da shugaba a lokacin aiki, amma suna da mai su. Sunan da zai riƙa tuna wa jama'a wannan a duk lokacin da aka furta shi ya fi sunan da zai ba kamfani ko gwamnati damar cewa taro ne ya yi.

Wani abokin karatu zai iya cewa gayya aikin mutane ne masu zuciya da zumunci, da fura da kiɗan ganga, bai dace a ba ƙarfe sunanta ba. Na yarda akwai asara a nan, amma haka faɗaɗa ma'ana take a kowane harshe. Jirgi na ruwa ne kafin ya zama na ƙasa da na sama, kuma bai rage wa masunta komai ba. Wani kuma zai ce akwai gayya ta "ya yi da gayya", wato da gangan. Wannan ma ba matsala ba ce, domin muhallin magana yana raba su kamar yadda yake raba sauran kalmomi masu rubutu iri ɗaya.

Kammalawa

A taƙaice, wannan kimiyya ta tabbatar da cewa sarkin yawa yana fin sarkin ƙarfi ne idan akwai alamomin da kowa ya yarda da ma'anarsu, da ƙa'idar da ke hana bin na gaba ido rufe, da kuma wanda zai amsa tambaya idan abu ya ɓaci. Biyu daga cikin waɗannan sharuɗɗa aikin harshe ne, na ukun kuma suna mai kyau yana taimaka masa. Shi ya sa nake kira ga ’yan uwana ɗalibai, musamman masu sha'awar fassara da aikin jarida, da kada mu jira sai kaya sun iso tashar Apapa sa'annan mu fara lalube. Na san kalma ba ta zama kalma don mutum ɗaya ya so, sai bakuna da yawa sun taka ta. Ni dai na ajiye tawa, na'urorin gayya. Wanda ya ga ta dace ya gwada ta a aji da hira, wanda kuma yake da wadda ta fi ta, filin wannan mujalla a buɗe yake a fitowa ta gaba.